Tsarin majami'a na sauyawa, Dokoki Goma na nan daram: mu rarrabe kafin mu yi wa juna hukunci

 

Akwai wata magana da muke yawan ji a majalisar shayi da tashar mota, har da cikin kiran da masu saurare ke yo mana a rediyo duk ranar da aka taɓo zaman tare tsakanin addinai. Sai wani ya ce: "Ai Kirista ba su da tsayayyen abu, yau su haramta, gobe su halatta." Cikin su kansu Kiristocin kuma, za ka ji dattijo na kukan cewa ƴan zamani sun ɓata addini tun da suka shigo da jita da ganga cikin majami'a, matasa kuma na kiran shi tsohon yayi. Mu dai a ganinmu abu ɗaya ne ya shige wa ɓangarorin biyu duhu. Ba su raba dokar da Kirista suka yi imani daga Allah take, da tsarin da shugabannin majami'a suka shimfiɗa don tafiyar da jama'arsu ba. Ta farko, a wurinsu, ba mai ikon taɓa ta. Na biyun mutane suka kafa shi, mutane kuma na iya gyara shi. Rashin sanin wannan bambanci ya raba gidaje, ya raba majami'u, kuma yana cikin abin da ke sa mutum ya raina maƙwabcinsa.

Wani zai ce, to mu da kusan dukanmu Musulmi ne, ina ruwanmu? Gaskiya ne ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Amma jahar Maraɗi ce ɗaya daga cikin wuraren da suka fi daɗewa. Akwai su cikin malaman lakwal da ke koyar da ɗiyanmu, akwai su cikin ma'aikatan likita, akwai waɗanda kakanmu ɗaya da su. Kuma mun ga abin da ke faruwa idan aka bar jita-jita ta cike gurbin sani. A watan Nuwamba na 2000 an kai wa majami'ar Vie Abondante hari a Maraɗi lokacin zanga-zangar ƙin bikin FIMA. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, a kan wani zane da aka yi a Faransa wanda Kiristan Nijar ba su da hannu ciki. A watan Yunin 2019 kuma aka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya ta Maraɗi. Wuta takan fara ne daga raini, raini kuma daga rashin sanin mutum yake tasowa.

Bari mu ɗauko misali daga gona, tun da nan muka fi wayo. Kowace shekara bayan girbi hukuma na tsayar da ranar sakin gonaki, bayan an zauna da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya. Bana ranar na iya zuwa da wuri, baɗi ta yi jinkiri, gwargwadon yadda damina ta kasance. Manomin da ya ce a bi ranar bara ko da hatsi na tsaye a gona, ai kowa zai ce bai fahimci abin ba. Makiyayin da ya ce tun da ranar na sauyawa to babu doka ke nan, ya kora dabbobi cikin gero, shi ma ya jawo fitina. Abin da bai taɓa sauyawa ba shi ne kada ka ci haƙƙin ɗan uwanka. Ranar an sa ta ne don ta tsare wannan haƙƙin. To haka Kirista masu ilimi ke bayyana dangantakar dokar Allah da tsarin majami'a.

Abin da suka riƙe a matsayin tsayayye yana cikin Littafi Mai Tsarki, littafin Fitowa sura 20, wato Dokoki Goma da suka ce an ba Annabi Musa: bauta wa Allah shi kaɗai, nisantar gumaka, kiyaye sunan Allah, keɓe ranar ibada, girmama iyaye, da hana kisa, zina, sata, shaidar zur da ƙyashin abin maƙwabci. A Linjila kuma Yesu ya dunƙule su cikin son Allah da son maƙwabci. Babu taron fastoci, babu Fafaroma, da ya taɓa cewa yana da ikon halatta sata ko shaidar zur.

Shi kuma tsari, tun farkon addinin yake sauyawa, kuma littafinsu bai ɓoye ba. Cikin Ayyukan Manzanni sura 15 an ba da labarin taron da aka yi a birnin Ƙudus wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu. Rigimar ita ce: waɗanda ba Yahudawa ba da suka shiga addinin, dole ne a yi musu kaciya su bi dukan shari'ar Musa? Bitrus da Bulus da Yakubu suka zauna da sauran dattawa, aka yanke cewa ba dole ba ne. Sai dai an ce su guji naman da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Ku lura da jerin nan da kyau. Batun jini da abin da aka maƙure, majami'u da yawa a yau sun ɗauke shi tsarin da ya dace da zaman tare da Yahudawan wancan lokaci, ba sa bincikar kowa a kai. Batun fasikanci kuwa har gobe haramun ne a wurinsu. A takarda ɗaya aka rubuta su, amma matsayinsu ya bambanta.

Katolika sun fi kowa fito da wannan rabo a fili. Yaron da ke koyon addini a wurinsu yana haddace Dokoki Goma, sannan ya haddace wasu guda biyar daban da ake kira dokokin ikkilisiya, irin su halartar sallar Lahadi, furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara, da kiyaye ranakun azumi. Kuma tarihi ya nuna yadda irin wannan tsari ke motsi. A da, mai son karɓar jibin Ubangiji ba ya cin komai tun tsakar dare. A 1957 Fafaroma Pius na 12 ya mai da shi awa uku, a 1964 Fafaroma Paul na 6 ya mai da shi awa ɗaya. Ƙauracewa nama ranar Juma'a, a 1966 aka ba majalisun bishop-bishop na kowace ƙasa damar musanya shi da wani aikin tuba ko sadaka, wanda ya fi ma'ana ga talakan da dama sai ya yi wata bai ga nama ba. Ɗaruruwan shekaru ana yin sallarsu da harshen Latin, sai babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar harsunan gida. Shi ya sa a yau, a yankin bishop na Maraɗi da aka kafa a 2001 ƙarƙashin Ambroise Ouédraogo, za ka ji ana addu'a da waƙa da Hausa da Faransanci. Hatta rashin auren limamansu, da mutanenmu ke yawan mamaki a kai, su da kansu suna cewa tsari ne. Taron Lateran na 1139 ne ya ƙarfafa shi a yammacin Turai, alhali Maroniyawan Labanan, da ke bin Fafaroma ɗaya, suna da limamai masu mata da ƴaƴa. Linjila ma ta ambaci surukar Bitrus.

Mu dawo gida. Mu mutanen Maijirgi mun fara sanin Nasara ne da bindiga. Kaburburan Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙona garuruwa a 1899, a nan garin suke. Saboda haka ba abin mamaki ba ne kakanninmu suka haɗa addinin Kirista da al'adar Bature suka zuba a kwando ɗaya. Masu mishan na SIM sun zo daga baya, ba su zo da bindiga ba: sun sauka Damagaram a 1924, suka kafa a Tsibiri a 1927, aka buɗe likitar Galmi a 1950, ta kutare a Danja a 1956. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidimar shekaru. Amma su ma sun zo da guzurin al'adunsu na Amurka da Kanada da Ingila. Sun yi wa ganga kallon kayan bori, waƙoƙin ibada kuma aka ɗora kalmomin Hausa kan muryoyin Turawa. Yau fa? Shiga taron zumuntar mata a kowace majami'ar Hausa ka ji yadda ake kaɗa tulu da ƙwarya da ganga. Dattijon da ya tashi a zamanin mishan yana da dalilin jin wani iri, don abin da aka tarbiyyantar da shi a kai ke nan. Amma idan aka ce ya nuna inda Allah ya hana ganga, ba zai samu ba, Zabura ma cike take da ambaton kayan kiɗa. Hanin na mishan ne, sun yi shi don tsoron kada sababbin tuba su koma bori, kuma da wannan tsoro ya ragu sai hanin ya faɗi.

Inda maganar ta fi zafi shi ne aure. Mutum ya shiga addinin Kirista yana da mata biyu ko uku da ƴaƴa cike da gida, ya za a yi da shi? Shekaru da yawa amsar mishan a faɗin Afirka ita ce ba a yi masa baftisma sai ya sallami sauran ya bar ɗaya. Ku tsaya ku yi tunanin matar da aka sallama. Ba ta yi laifin komai ba, an aure ta bisa al'ada da shaidu da sadaki, ga ta da goyo, an ce ta koma gidan ubanta don mijinta ya samu shiga ruwa. Cocin Angalikan ya kafa wannan hani a taron Lambeth na 1888. Shekara ɗari cif bayan nan, a taron 1988, bisa matsin bishop-bishop na Afirka, suka yanke cewa ana iya yi wa irin wannan mutum baftisma ba tare da an tilasta masa korar kowa ba, da sharaɗin ba zai ƙara wata ba kuma jama'ar majami'ar wurin sun yarda. Koyarwarsu ta mace ɗaya tana nan yadda take. Abin da suka gane shi ne tsarin da suka kafa don tsare aure ya koma yana jefa mata da yara cikin wahala. Majami'u da yawa, har da Katolika, ba su bi wannan hanya ba, kuma hakkinsu ne su tsaya kan fahimtarsu. Mu dai abin da muke cewa, duk shugaban da zai yanke irin wannan hukunci ya san cewa abincin yara da mutuncin uwarsu na cikin abin da yake yankewa.

Misali na kusa, wanda dukanmu muka gani da ido, shi ne shekarar 2020. A watan Maris gwamnati ta rufe masallatai da majami'u saboda korona, sai ranar 13 ga Mayu aka buɗe. Kirista suka yi Ista a gida, wasu ta rediyo, wasu ta salula. Shugabanninsu suka ce wajibcin taruwa ranar Lahadi tsari ne da ake iya ɗagewa don lalura, amma bauta wa Allah da kare rai ba a ɗage su. Mu ma a ɓangaren Musulmi an sha muhawara mai zafi, har da tarzoma a wasu garuruwa. Wanda ya san bambancin asali da tsari ya fi samun natsuwa a lokacin.

To amma kada mu yi kamar abin mai sauƙi ne. Akwai tambaya mai nauyi: wa ke da ikon cewa wannan dokar Allah ce, wancan tsari ne? A nan Kirista kansu ba bakinsu ɗaya ba. Ƴan Adventis sun ce ranar Asabar na cikin Dokoki Goma, ba mai ikon mai da ita Lahadi, sauran majami'u kuma suka ce tun zamanin manzanni ake taruwa Lahadi. Naɗa mata fastoci, wasu sun ce tsari ne da ke iya sauyawa, Katolika da wasu da dama sun ce ba su da ikon taɓa shi. A watan Disamban 2023 fadar Vatikan ta fitar da takardar da ta ba da damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka, tana mai cewa koyarwar aure ba ta sauya ba. A Janairun 2024 bishop-bishop na Afirka, ta bakin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, suka ce ba za su yi ba a nahiyarsu. Wannan ya nuna iyakar ba koyaushe take a fili kamar burtali ba. Amma gardama a kan inda iyaka ta bi, ai shaida ce cewa kowa ya yarda akwai iyakar. Maƙwabta biyu ba sa kai ƙara gaban sarki kan iyakar gona sai don dukansu sun yarda gona na da iyaka.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen. Matashi ya ji an ce tsari na mutane ne, sai ya ce to ba ruwansa da shi. A'a. Ranar sakin gonaki ma mutane suka sa ta, amma wanda ya karya ta zai biya ɓarna. Jama'a ba ta zama sai da tsari: lokacin taro, yadda ake ɗaura aure, yadda ake riƙon kuɗin baiko, wa ke wa'azi. Wanda bai gamsu ba ya kai maganarsa gaban dattawa a gyara. Sai dai mu faɗa wa shugabanni gaskiya, haɗarin da ya fi yawa daga wajensu yake. Idan shugaba ya ɗauki ra'ayinsa kan ɗankwali ko wando ko yawan kuɗin da za a bayar ya lulluɓe shi da sunan Allah, ya toshe bakin kowa ke nan, don ba mai ja da Allah. A Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa malaman da suka ƙirƙiro hanyar da mutum zai ce ya keɓe dukiyarsa ga Allah don ya kauce wa ciyar da iyayensa. Al'adar malamai ta danne umarnin girmama iyaye. Irin wannan na nan har yau duk inda aka sa yarinya talaka ƙarƙashin horo a gaban jama'a, mai kuɗin da ya yi mata cikin kuma yana zaune a kujerar gaba. Majami'ar EERN, wadda ta gaji aikin SIM a daidai lokacin samun ƴancin kai, ta dare wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, aka samu UEEPN da Salama. Duka ukun littafi ɗaya suke karantawa, Dokoki Goma ɗaya suka riƙe. Rigimar shugabanci da yadda za a tafiyar da al'amura ce ta raba su.

Mu Musulmi kuma, kafin mu yi dariya, mu dubi namu gida. Ba muna cewa addinan biyu ɗaya ba ne, kowa da aƙidarsa, kuma malamai sun fi mu sanin wannan fage. Amma kowane ɗalibin zaure ya san akwai abin da nassi ya yanke, akwai kuma abin da malamai suka yi saɓani a kai. Salloli biyar ba mai ƙara su ba mai rage su. Ƙarfe nawa za a tada jam'i a masallacin unguwa, kwamitin masallaci ke sawa. Lasifika kakanninmu ba su san ta ba. Shekara nawa muka yi a jahar nan ana gaba kan ƙabalu da sadalu, har wa da ƙane suka daina bin juna salla, alhali duka biyun akwai malamai magabata a kai? Wanda ya san zafin wannan bai kamata ya ga majami'a ta sauya tsarin azumi ya ce sun sauya Allah ba.

Saboda haka ga roƙonmu. Fastoci da limaman Katolika na yankinmu, idan za ku kafa doka ku faɗa wa jama'a ƙarara: wannan umarnin Allah ne ga inda yake a rubuce, wannan kuma shawarar dattawa ce ga dalilinta. Faɗin haka ba ya rage muku girma. Iyayenmu dattawan majami'a, a yi haƙuri da matasa kan abin da littafi bai hana ba. Matasa, ku tambayi dalilin tsari kafin ku ture shi, don mai yiwuwa an sa shi ne a kan wata matsala da ba ku tarar ba. Ƴan uwa Musulmi, idan ka ji wani abu game da addinin maƙwabcinka a WhatsApp, taka ka tambaye shi kafin ka tura wa wani. Mu kuma ma'aikatan rediyo, da masu wa'azin da muke ba makirfo, nauyinmu ya fi na kowa, don magana zarar bunu ce. Minti biyu na izgili a iska na iya rushe zumuncin shekara hamsin tsakanin gidaje biyu da ke shan rijiya ɗaya.

Shekarun nan da ƙasarmu ke fama da matsalar tsaro a iyakoki da tsadar hatsi a kasuwa, ba mu da rarar ƙarfin da za mu ɓatar wajen faɗa kan abin da ba mu fahimta ba. Kada ka kashe, kada ka yi sata, kada ka yi shaidar zur, ka girmama iyayenka: Musulmi da Kirista na Maijirgi, Tasawa da Mayahi duk sun yarda da waɗannan. Da za mu riƙe su kaɗai da gaske, da alƙali da jandarma sun samu hutu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.